Je Ka Kawo Bajet

Shekara talatin da uku yana masinja a ofis ɗin nan, kuma a duk tsawon shekarun babu wanda ya taɓa jin ya amsa sunan da ake kiransa da shi. In aka ƙwala masa kira daga ƙarshen baranda, "Bajet!" sai dai ka ji ƙarar benci, ka ji takun takalmi, ka ga mutum tsaye a bakin ƙofa da jakar fata a hammata. Na'am kuwa, ko sau ɗaya. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka kunnensa ne ya yi nauyi, wasu su ce miskilanci ne irin na tsofaffi. Babu ko ɗaya a ciki. Sunan ne yake masa ciwo, kuma babban abin da yake tsoro a duniya shi ne 'yarsa ta ji yadda aka yi ya same shi.

Ga yadda aka yi. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, yana dako a tashar mota, kawunsa da ke gadi a wani kamfanin sufuri ya sama masa aikin masinja a sashen kuɗi. Karatunsa bai wuce aji huɗu ba. Yana iya karanta suna a bayan ambulan, ya san lambobi, Turanci kuwa sai ɗan abin da ya tsinta a bakin matafiya. Ranar da zai fara aiki kawun ya ja shi gefe ya ba shi shawara, irin shawarar da gara a ce ba a ba mutum ita ba. Ya ce, "Ka ga mutanen nan na sama, ba sa son tambaya. In aka aike ka, ka ce to, ka ruga. Kada in ji an ce ɗan ƙanwata ya tsaya yana cewa bai gane ba."

A kwana na uku aka yi babban taro a hawa na uku. Manya sun cika ɗaki, fanka tana juyawa, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa cikin sabuwar rigar kaki da ta yi masa yawa a kafaɗa. Can sai manaja ya laluba takardun da ke gabansa, ya ɗago kai ya ce, "Kai, sabon yaron nan, yi maza ka je ofishina. Kan tebur. Ka kawo min bajet."

Ya ce to, ya ruga.

Matakala arba'in da huɗu ce daga ɗakin taro zuwa ofishin manaja, ya sauke su kamar an biyo shi. A kan teburin akwai wayar tarho, da farantin tokar taba, da wani koren fayil, da kuma jakar fata ruwan ƙasa mai maɓallin tagulla. Ya tsaya yana haki. Wanne ne bajet? Tarho dai ya san shi. Fayil ma an nuna masa tun jiya, sunansa fayil. To a tasha ya sha jin 'yan boko suna ce wa jaka "bag". Ya maimaita a ransa, bag, bajet, bag, bajet. Ai kuwa, in ji shi, wannan ƙaramar bag ce ake nufi. Ya sungume ta da hannu biyu, ya haye sama, ya durƙusa ya ajiye ta a gaban manaja, har da ɗan murmushin wanda ya yi abin kirki.

Manaja ya dubi jaka, ya dube shi. Don ya ƙara wa abin armashi, sai ya buɗe ta a gaban kowa, ya shiga fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: tawul, da kwalbar maganin gyambon ciki, da safa ƙafa ɗaya. Ya ce, "To jama'a, ga abin da za mu kashe bana."

Kai, ranar an yi dariya. Wani har da buga tebur, wani ya cire tabarau yana share hawaye. Wanda ya fi kowa shewa wani ƙaramin akawu ne mai siririn wuya da ke rubuta bayanin taro, kuma shi ne kafin a tashi aiki ya bi ofis-ofis yana ba da labari. Washegari da safe abokin gadin kawunsa ma da murmushi ya buɗe masa ƙofa. Kawun nasa, wanda ya jawo komai, cewa ya yi, "Kai ma dai, ba sai ka tambaya ba?"

Manajan ba mugu ba ne, son raha ne kawai ya yi masa yawa. Bayan mako guda ya kira shi ya miƙa masa jakar, ya ce tunda yana sonta haka ya riƙe, ya riƙa zuba takardu a ciki. Sai suna ya zauna daram. Ga mutum, ga jaka, ga labari. Wa zai manta?

Daga baya ya gane mece ce bajet, kuma wallahi ya gane ta fiye da wasu masu ɗaure wuya da laktaye. Takarda ce da ake tsara abin da ake sa ran zai shigo a shekara da abin da za a kashe, kowane sashe da rabonsa, abin da ake kira kasafin kuɗi a rediyo. Shi yake zagayawa da daftarinta sashe-sashe a sa hannu. Ya san cewa in aka ga shugaban direbobi yana gaishe da mutanen sashen kuɗi har da rusunawa, to lokacinta ya kusa. Ya kuma san kalmar tana da wani aiki na biyu, wato hana mutum abu ba tare da an ce an hana shi ba. Shekara shida yana neman a saya masa rigar ruwa, shekara shida ana ce masa, "Babu a bajet." Mai faɗar kuma sai ya kwashe da dariya, wai Bajet ba ya cikin bajet. Har kalmar ta fita daga ofis ta shiga gari, ka ji mace a kasuwa ta ajiye atamfa tana cewa ta fi ƙarfin bajet ɗinta. A gida in mai karanta labarai ya ambace ta, sai ya miƙa hannu ya murɗa rediyo wata tasha, ko da kuwa waƙar da ba ya so ake yi a can.

Aikin kam ya riƙe shi da gaskiya, wannan ko maƙiyinsa ya shaida. Yana da tsarinsa: wasiƙun da za a sa wa hannu a aljihun gaba, na gidan waya a tsakiya, na sirri a can baya inda ya ɗinka wani zif da kansa. In hadari ya haɗo yana kan keke, jakar yake fara naɗewa a leda ya cusa cikin riga, shi kuwa ruwa ya yi ta dukansa. Ranar hutu yakan zauna a tsakar gida ya goge ta da man takalmi, ya bi ɗinkin da yatsa. Sau uku aka sake mata hannu a wurin baduku, kuma duk sau ukun a gabansa aka yi, bai yarda ya bar ta ta kwana a can ba. Takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Amma a ofis bai ƙara buɗe baki ya faɗi wata kalmar Turanci ba, kuma in ana hira ba ya sa baki. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi jahili ne, wurin jahili kuma benci.

Matarsa kaɗai ya faɗa wa, tun suna sababbin aure, ya kuma roƙe ta kada yara su ji. Ita abin bai dame ta ba ko kaɗan. Ta ce, "Malam, jaka ka ɗauko fa, ba sata ka yi ba." Duk da haka ta riƙe masa amana. Shi ya sa bai taɓa gayyatar ɗan ofis gidansa ba. Sau ɗaya ne asiri ya kusa tonuwa, lokacin babbar 'yarsa tana da shekara goma sha biyu. Ya goyo ta a keke zai kai ta makaranta, wani direban kamfani ya leƙo ta tagar mota ya ƙwala, "Bajet! Ina kwana?" Ya yi kamar bai ji ba, ya danna feda.

Wannan yarinyar, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ita ce yanzu malamar Turanci a makarantar sakandare. In tana magana da ɗalibanta a hanya yakan ja baya kaɗan yana saurare, ba ya gane rabin abin da take faɗa, amma ƙirjinsa cike yake fal da alfahari. Yana ganin girman da take ba shi kamar aro ne, ranar da ta san gaskiya za a karɓe.

To sai ga ritaya ta zo. Kwamfuta ta riga ta cinye aikin, jakar ma yawanci fayau yake yawo da ita. Ofis ya shirya masa taron ban kwana, aka ba shi kati mai ruwan zinariya, an rubuta a ƙasa cewa ya zo da iyalinsa. Gabansa ya faɗi. Ƙaramin akawun nan mai siririn wuya shi ne darakta a yanzu, wuyan ma ya cika har ya ninku, kuma ba a taɓa yin taro an tashi bai ba da labarin jaka ba. Masinjan ya ninke katin ya tura a aljihun kaki. Ya manta cewa ba shi yake wanki ba.

"Malam, wannan fa?" in ji matar, tana ɗaga katin da hannu mai kumfa. "Har na kira Uwarka na faɗa mata. Ta ce za ta nemi izini a makaranta."

"Wa ya aike ki?"

"Wa zai aike ni? Shekara talatin da uku kana hawa bene, a ce ranar da za a gode maka ka tafi kai kaɗai kamar maraya? Ni dai na ɗinka sabon mayafi."

Ana saura kwana biyu ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ƙwanƙwasa ƙofar darakta ba tare da an kira shi ba. Ya cire hula, ya murza ta a hannu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Labarin nan na jaka... 'yata za ta zo."

Darakta yana duba waya, bai ma ɗago sosai ba. Ya ce, "Haba Bajet! Ai labarinka shi ne gishirin taron. Za ta ji daɗi, ka bari kawai." Shi a ransa yabo ya yi. Irin mutanen nan ne da za su taka maka ƙafa shekara da shekaru, in ka yi ƙara su ce ashe kana da ƙafa.

Ranar taro aka jera kujeru a ɗakin nan na hawa na uku, inda abin ya faru tun farko. An cire fanka an sa na'urar sanyaya ɗaki, amma shi zufa yake yi. Aka zaunar da shi a gaba, matarsa a dama da sabon mayafi, Uwata a hagu. Jakar tana kan cinyarsa, don bai san inda zai sa hannuwansa ba in babu ita. Aka raba lemo da biskit. Shugaban direbobi ya yi jawabi, mai buga takardu ta yi nata har da ƙwalla. Sannan darakta ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce, "Akwai waɗanda ba su san inda sunan nan ya samo asali ba."

Ya kuwa iya ba da labari, ba a raba shi da wannan. Ya kwaikwayi gudun, ya kwaikwayi durƙuson, ya ɗaga hannu kamar yana riƙe da safa ƙafa ɗaya. Ɗaki ya ɗauki dariya. Tsohon ya kafa ido a kan maɓallin tagulla, kunnuwansa suna zafi, yana jin da ƙasa za ta tsage da ya shige. Bai iya juyawa hagu wurin 'yarsa ba. Yana jira ne ya ji ko dariyarta ko shirun kunyarta, bai san wanne zai fi masa ciwo ba.

Sai ya ji muryarta, irin wadda take yi wa 'yan aji in sun cika surutu.

"Yallaɓai, a gafarce ni. Ban gane ba. Ina kuskuren?"

Dariya ta ɗan lafa. Darakta ya yi murmushi ya ce, "Malama, an ce ya kawo bajet, shi kuma ya kawo jaka."

"To ai ita ce."

Ta miƙe tsaye. Ba da faɗa ta yi magana ba, mamaki ne ƙarara a fuskarta. Ta ce kalmar nan Turawan Ingila ma aro suka yi daga tsohon Faransanci, kuma ma'anarta ta fari ƙaramar jakar fata, irin wadda matafiyi yake ratayawa ya zuba guzuri da takardu. Haka su ma suka yi ta amfani da ita shekaru aru-aru, jaka kawai. Daga baya, in mai kula da baitulmalinsu zai bayyana wa majalisa tsarin kuɗin shekara, sai a ce ya buɗe bajet, wato ya buɗe jakarsa ya fito da takardu. A hankali sunan ya bar jakar ya koma kan abin da ke cikinta. Ta ce, "Yana nan a kowane babban ƙamus, ba ni na ƙirƙira ba."

Nan da nan matasan ofis suka zaro wayoyi. Wata yarinya a sashen albashi ta dafe baki ta ce, "Lah! Wallahi haka ne, ga shi nan. Ƙaramar jakar fata." Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har ta isa wurin darakta. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa.

Ita kuwa ta riga ta juyo wurin mahaifinta, ta rage murya, amma ɗakin ya yi tsit har kowa yana ji.

"Baba, ka tuna ranar da wani direba ya kira ka muna kan keke? Na ga yadda ka yi, na ɗauka zagi ne. Ranar ban fita hutun tara ba, na je ɗakin karatu na sa malaminmu ya nemo min kalmar a babban ƙamus, don in san da me aka zagi ubana. Sai na ga an rubuta jakar fata. Na ce ashe sarauta ce suka ba ka, mai jaka, wanda aka yarda da shi ya riƙe takardun kamfani duka. Na ɗauka kunya ce ta hana ka amsawa a gabana, irin taka ta rashin son nuna kai." Ta ɗan yi dariya, idonta ya kawo ruwa. "Har faɗa na yi da wata a aji, na ce ubana ne Bajet na kamfaninsu gaba ɗaya. Tun ranar ban rabu da ƙamus ba. Kai ka sa ni wannan aikin, ba ka sani ba?"

Bai sani ba. Ina zai sani? Shekara ashirin yana ɓoye mata abin da ita take alfahari da shi. Daɗi ne ya cika shi, da kuma wani baƙin ciki na shekarun da ya yi a kan benci bakinsa a rufe. Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "Ka gani ko? Ni dama na ce jaka ka ɗauko." Ita ma tana goge ido da bakin sabon mayafin.

Darakta, a yi masa adalci, bai nemi hanyar zillewa ba. Ya zagayo tebur ya tsaya a gabansa. Ya ce, "Shekara talatin da uku muna dariya, ashe a ɗakin nan mutum ɗaya ne ya kawo abin da aka aike shi. Ka yafe mana, Baba." Bai taɓa ce masa Baba ba sai ranar.

Tsohon ya ce, "Ni ma fa ban sani ba, ranka ya daɗe. Dace na yi."

Aka sake dariya, amma wannan karon har da shi a ciki.

Kyautar ofis agogon bango ce da sabuwar jakar tafiya mai taya. Ya karɓa ya yi godiya, sannan ya tambaya ko za a bar masa tsohuwar, tunda ta kamfani ce. Ma'ajin kaya ya ce ai ba ta ma cikin rajista, tasa ce tun fil azal. Uwata ta ce ranar Litinin za ta ara, tana so ta ajiye ta a kan tebur a gaban 'yan aji uku ta tambaye su sunanta. Ya ce sai dai ya kai ta da kansa, ba ya ba da ita aro. Ta ce to ya zo, dama ɗaliban sun gaji da ganin fuskarta, ya faɗa musu yadda takarda take yawo a ofis kafin ta zama doka. Ya ce shi me ya sani da zai faɗa wa 'yan makaranta? Ta ce ƙarfe tara ake shiga.

Suka fito su uku suka kama matakala, shi a gaba da jaka a hammata, yana sauka a hankali saboda gwiwa. Sun kai hawa na biyu ke nan sai yarinyar nan ta sashen albashi ta leƙo daga sama, agogon da ya manta a hannunta, ta ƙwala kira.

"Baba Bajet!"

Ya tsaya. Ya juyo, ya ɗaga kai, ya gyara riƙon jakar.

"Na'am!" in ji shi, da ƙarfin da har maigadi ya jiyo daga bakin ƙofa.